Farantan Gwaggo

Kowa a ɗakin gwaje-gwajen nan Gwaggo yake ce mata, har Dakta mai shugabantar aikin, wadda sa'ar 'yarta ce. Shekara goma sha tara ke nan tana ciyar da ƙwayoyin halitta. Ƙwayoyin tushe ne, irin waɗanda ake lallaɓawa a cikin faranti har su miƙe su zama siraran jijiyoyin jini, da fatan wata rana a dasa wa mai ciwo. Ita dai ba ta taɓa ganin mai ciwon ba. Abin da ta sani shi ne ƙwaya ba ruwanta da Asabar ko Lahadi, balle bikin 'yar ƙanwarka. Kullum da safe za ta sa safar hannu, ta fito da farantan daga akwatin ɗumi, ta tsotse tsohon ruwan abincinsu da siririn bututu, ta zuba sabo. Mijinta kan ce ko 'ya'yan cikinta ba su samu irin wannan reno ba. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ke ba ta haushi.

Aikin yana da doka guda: idan bakin bututu ya taɓa wani abu, ko da gefen kwalba ne, to ya gurɓata. Sai a jefar da shi, a kuma sanar. Ita ce ma ta koya wa rabin mutanen wurin wannan doka, da faɗa da harara.

Sai ga hannunta na dama ya soma rawa. Ba ta gaya wa kowa ba, don ta san ranar da ta faɗa, ranar za a raba ta da kujerar. Takan dafe gwiwar hannu a kan tebur, ta riƙe numfashi. Ta gaji da ɓoyon nan fiye da yadda ta gaji da aikin.

Wata Talata, farantai na mako na biyar, jijiyoyi sun fara haɗuwa gwanin sha'awa, bututun ya kauce ya goge bakin kwalba, kafin ta ankara ruwan ya ɗiga a faranti. Ba wanda ya gani. Ta tashi ta sami Dakta a ofis.

"Dakta, na ɓata miki aikin mako biyar."

Dakta ba ta tambayi wane faranti ba. Hannun ta kalla.

"Zauna, Gwaggo. Ba abin da ya ɓaci."

"Kamar yaya? Ni fa na ga ya taɓa."

"Na san da maganar hannun. Wata biyu ke nan nake ajiye farantan gwajin na gaske a ɗaya akwatin, ni nake ba su abinci kafin ki iso. Waɗanda ke wurinki rarar da za mu zubar ce. Wallahi na rasa ta yadda zan gaya miki."

Gwaggo ta tuna Lahadi takwas da ta fito, har da ranar da jikarta ke kwance da zazzaɓi. Kunya ta rufe ta, ga wani baƙin ciki da bai da wurin sauka, don yarinyar nan tausayinta ta ji.

"To, gobe in zo?"

Dakta ta sunkuyar da kai tana gyara takardu.