Na koya wa karena gadin albasa

Ƙanena Sani ya naɗa rawani har ido, ya tsallako dangar garkarmu ta albasa a Galma, wai shi ɓarawo. Ni ko ina zuga karena: "Kama shi!"

Kare ya shinshina ƙafarshi, sai kaɗa bindi.

Kullum haka, har Sani ya gaji. "Yaya, fuska muke ɓoye mishi, shi ko da hanci yake gani."

Na ce karatu sai da haƙuri.

Jiya da hantsi maƙwabcina ya hangi wani baƙo ya tsallako da buhu. Karena ya tarbe shi da murna, ya raka shi har rumbun albasa.

Ashe ya ɗau karatun: duk mai tsallako danga ɗan gida ne.

Jama'a, ni da shi, wa za a maida makaranta?