Wasiƙar da Ke Kashe Saba

A shekarun da man fetur ya yi tsada a duniya, gwamnati ta samu sakewa, kowane ofishi sai da aka zuba masa kwamfutoci. Lokacin ne aka ɗauke ni aiki a wani shirin bunƙasa noma a Ƙanƙara. Ni ke kula da na'urori, musamman wata babbar kwamfuta da muke ce wa saba, wadda duk wasiƙun imel na ma'aikatanmu ke bi ta cikinta, har da na ƙananan ofisoshinmu na Faskari da Sabuwa. Ɗakinta ƙarami ne a ƙarshen baranda, kuma ni kaɗai ke da makullinsa.

A damina ta biyu da fara aikina muka yi rashi. Malamin gonarmu na Sabuwa, mutumin Ketare, dogo mai yawan barkwanci, ya taso a babur zai je Faskari, ya tarar wani rafi ya kawo. Ya shiga. Sai washegari aka same shi can ƙasa, ruwa ya maƙale shi a saiwar wani icce. Muka je jana'iza, muka koma addu'ar bakwai, aka rufe ofishin Sabuwa kafin a turo wani.

Kwana uku bayan addu'ar, da hantsi, sabar ta mutu. Na ɗauka wuta aka ɗauke, amma ƙwan lantarkin ɗakin na ci. Na kunna ta, ta tashi lafiya lau. Ban gama shan shayina ba na ji ƙit, ta sake mutuwa.

Na duba batirin da ke riƙe ta idan wuta ta tafi, a cike yake. Na canza waya, na canza soket, na sa aka tayar da janareta ko wutar gari ce ke rawa. Duk a banza. Ta tashi, ta yi 'yan mintoci, ta mutu. Kafin azahar na kunna ta ya fi sau goma.

Alhaji, shugaban ofishinmu, ya leƙo yana riƙe da hularsa a hannu.

"Malam, mi ya faru ne? Ina jiran takarda daga Katsina tun safe."

"Ranka ya daɗe, ina kai. Ban dai gano ba tukuna."

"To a gano," in ji shi, ya juya.

Sabar tana da kundi da take rubuta duk abin da ta yi, layi bayan layi, da lokacinsa. Bayan na yi salla na kunna ta, na yi maza na buɗe kundin, na gangara wurin mutuwar farko. Layin ƙarshe kafin ta ɗauke na cewa ta karɓi wasiƙa, ta fara bincikenta. Sunan mai aikowa sunan marigayi ne. Lokacin isowa kuwa safiyar ranar ce.

Na duba mutuwa ta biyu. Sunansa. Ta uku, sunansa. Ina cikin kallo allon ya yi baƙi, na ga fuskata a ciki.

Na fita baranda na kira Hajiya, mai buga mana takardu, don kada in ce idona ne. Na kunna, na nuna mata da yatsa. Ta daɗe tana kallo.

"Inna lillahi," ta ce a hankali. "Wanga bawan Allah yau kwanansa goma a ƙasa. Malam, kashe abin nan ka fito."

"Hajiya, ai shi ke kashe kansa."

Ta ja mayafinta ta fita, kuma daga ranar ba ta ƙara taka ɗakin ba.

Da la'asar hadari ya haɗu ta gabas, ofis ya yi tsit, kowa ya lafe a ɗakinsa. Na zauna ni kaɗai gaban na'urar. Na karanta abin da ya sawwaƙa, na danna maɓalli. Wannan karon ban kalli allo ba, saurare na yi. Shirun ya yi yawa. Akwai wani ɗan huci da na saba ji daga cikinta, har na daina lura da shi, yau babu. Na ɗora tafin hannuna a bayanta, na janye da sauri saboda zafi.

Na kwance murfin. Zanzaro ne ya gina gida a kan ƙaramar fankar da ke sanyaya cikinta, laka ta bushe ta riƙe fukafukan gam. Da na kankare da sukundireba, sai ga korayen tsutsotsi suna zubowa, wasu na motsi. Nan na fahimci rabin zancen. Ƙananan wasiƙu na yau da kullum ba sa wahalar da ita, shi ya sa ta daure ba fanka. Wannan kuwa mai nauyi ce, tana fara bincikenta sai zafi ya hau, ta kashe kanta don kada ta ƙone. In ta tashi, wasiƙar ce dai a gaba, sai ta sake komawa kanta.

Na hure ƙasar, na kunna. Fankar ta juya. Na tsaya ina kallon sunansa a kundin har layin ya wuce. Wasiƙar ta shige, kuma akwatin imel ɗina ta faɗa.

Ya rubuto cewa ga hotunan masarar gwaji ta garin Mairuwa da ta wajen Sabuwa, in ya zo ranar Laraba in koya masa yadda ake rage musu nauyi, don ya gaji da faɗana. Hotunan suna da yawa: kunyoyi, ganyen da tsutsa ta ci, shi kansa tsaye cikin masara yana dariya. Na ƙarshe rafin ne. Babur ɗinsa na jingine a gaɓa, ruwan bai kai ƙwauri ba. Ƙarƙashinsa ya rubuta: "A nuna wa Alhaji, ruwa ya fara cin hanyar nan."

Washegari na tafi Sabuwa. Maigadi ya ce tun rasuwar ba wanda ya shiga. Masu gyara dai sun zo shekaranjiya da yamma, sun hau rufi sun daidaita farantin sadarwa da iska ta karkata tun kafin rasuwar, amma a waje suka tsaya. Ya buɗe mini ƙofa. Kwamfutar marigayin a kunne take, kofinsa a gefe, shayin ya bushe a ciki. Wasiƙar ta zauna ne tana jiran hanya tun ranar da ya rubuta ta, washegarin gyaran da safe wuta ta dawo, ta tafi. Na san akwai kwamfutocin da ke tashi da kansu idan wuta ta dawo. Amma ni na haɗa wannan da hannuna, ban kuma tuna na saita ta haka ba. Na kai hannu zan bincika, sai na fasa. Na kashe ta, na zare wayar daga bango.

Ranar Juma'a na buga hoton da yake cikin masara na kai wa mahaifinsa a Ketare. Na same shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Ya goge hannu a riga, ya karɓa, ya matsar da shi kusa da ido.

"Yaushe ya aiko maka?"

"Cikin makon nan ta iso, Baba."

Ya jinjina kai, bai nemi bayani ba.

"Haka yake tun yana ƙarami," ya ce. "In an aike shi sai ya daɗe, amma ba ya yar da saƙo."

Ya miƙe da hoton ya shiga cikin gida. Ina nan zaune har na ji muryar wata tsohuwa ta tashi daga ciki, sai na sa takalmana.