Innar da Ta Hana Jirgi Sauka

Kullum da hantsi za ka gan ta a bayan filin jirgi, cikin ƙarafunan nan da aka jera sahu-sahu kamar kaburbura, tana duba wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Wurin tsit yake, sai wani gurnani can ƙasa-ƙasa da mutum ke ji a haƙoransa. Masu gadi ma zagayewa suke yi, ba sa ratsa wurin. Mu a ofishin hasashen yanayi Inna muke kiranta, shekara talatin da ɗaya tana riƙe da na'urar rada mai auna iska.

Na'urar na harba sigina sama, sai sararin da ido ba ya ganin komai a cikinsa ya dawo da amsa. Daga amsar Inna ke gane inda iska ta dosa da ƙarfinta.

Wata Talata da azahar, gari garau, wani jirgin fasinja na gab da sauka, allonta ya nuna iska tana juyewa a saman titin sauka. Kwamfuta ta soke bayanin, wai garken tsuntsaye ne. Inna ta fita ta ɗaga kai. Babu tsuntsu ko ɗaya, ko kukansu babu. Ta ruga ta kira hasumiyar da ke ba jirage izinin sauka. Ma'aikacin hasumiyar ne da bakinsa ya ba ni sauran labarin.

"Ɗana, kar ka saukar da jirgin nan."

"Haba Inna, ko ganye ba ya motsi! Mutum ɗari da arba'in ne fa a ciki."

"A ƙasa ne ba ya motsi. Rubuta cewa ni na hana. In ƙarya ce a kore ni."

Jirgin ya yi ta shawagi. A minti na goma sha biyu iska ta rikito daga sama kamar an kifa kwando, ta kwantar da ciyawa, ta wuntsila motar kaya daidai bakin titin. Sannan gari ya koma tsit. Fasinjoji kuwa suka sauko suna ta mitar an ɓata musu lokaci.

Ke ce mai kunnen sama, Inna, kuma ƙarshen watan nan za ki ajiye aiki. Ku masu tasowa, in na'ura ta yanke hukunci, ku tashi ku leƙa waje kamar yadda take yi.

Gidaje da yawa ba a yi zaman makoki a cikinsu ba ranar nan, kuma har yau ba su san wa za su gode wa ba. Inna, mun gode a madadinsu.