Shan Kwana a Bakin Kududdufi

Mai shayin unguwarmu ne ya fara tsegunta mini. Ya ce kullum bayan la'asar babban ɗana yana fakon bayan gari, ta hanyar Baure, yana ɗaga kan babur ɗina yana tafiya a kan tayar baya. Na yi dariya na ce sharri ne, babur ɗin da ko kaza aka ɗora masa sai ya yi tari. Amma shayin nan ban iya shanye shi ba.

Washegari na bi sawu, na laɓe bayan wata darbejiya da ba ta rufe ko rabin tumbina ba. Ga shi kuwa. Ya iya ɗagawa, ba musu, shan kwana ne bai iya ba. A ƙarshen fakon kuma akwai kududdufin da aka haƙi ƙasar gini, damina ta cika shi, gaɓarsa ta fi tsayin mutum biyu. Zai taho a miƙe, taya a sama, in ya ga ruwa ya matso sai ya murɗa kan babur a iska, babur ya ƙi juyawa, ya dire a karkace yana tangal-tangal, abokansa na tafi. Ranar taku huɗu ya rage ya faɗa. Bayan kwana biyu na koma, saura uku.

Na san matsalar, don ni ma na yi wannan haukan kafin tumbi ya zo. In tayar gaba tana sama, murɗa kai aikin banza ne. Da gwiwa da ƙugu ake juyawa, ƙafa na kan birkin baya, ido kuma na kallon inda ake son zuwa. Sai da na yi wata biyu a hannun mai ɗori na gane haka.

To me ya hana in gaya masa? Ɗan fari ne. A gidanmu ba a sakewa da ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, ba mu taɓa zama tabarma ɗaya ba, shi ma bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba. Ni da nake tsokanar rabin Daura, in na gan shi sai in koma kamar alƙali. Ƙwace makulli kuma ba magani ba ne, zai ari babur ɗin abokai, wanda birkinsa sai addu'a.

Sai na aiki ƙanena, tela, wanda keken ɗinki kaɗai ya taɓa takawa. Na maimaita masa sau uku: gwiwa, ƙugu, birkin baya. Ya dawo yana washe baki, wai ya isar da saƙo.

"Me ka ce masa?"

"Na ce ya riƙe kai da ƙarfi, ya yi bismilla."

"Sauran fa?"

"Yaya, ai duk ɗaya ne."

Washegari aka yi ruwa da hantsi, fako ya yi santsi. Ban ci abincin rana ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka yaye ni. La'asar na yi na tafi, ban ma bi ta darbejiyar ba. Samarin suka ja gefe. Shi kuma ya sauka ya durƙusa, kai a ƙasa.

"Baba, sannu da zuwa."

Tankin babur na kalla na yi wa magana. "Duk mai hawa wannan abin, ya hau in gani."

Ya hau. Na kama gwiwarsa ta hagu na buɗa ta waje, na dafa ƙugunsa na tura. Rabon da hannuna ya taɓa shi har na manta. Na ce wa tankin, "Haka. Ƙafa kada ta bar birki."

Daga nan na taka har taku biyar kafin gaɓa, na juyo na tsaya. Na ce a raina in bai juya ba ni zai buga, tumbi ya fi ƙasan kududdufi laushi.

Ya taho. Taya ta tashi, na ga cikin injin yana nufo ni, ƙato kamar tirela. Na karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Gwiwar ba ta buɗe ba. Ya matso har ina ganin laka a taya. Sai ya ɗago muka kusa haɗa ido, kunya ta kama shi, ya kawar da kai hagu da sauri. Kafaɗa ta bi, ƙugu ya bi, gwiwa ta fita, babur ya karkata ya wuce ni, salansa ta hura mini zafi a ƙafa. Ya dire can gefe lafiya lau.

Samari suka ɓarke da ihu. Ni kuwa na zauna daɓas a cikin laka. Da ƙyar mutum uku suka ɗaga ni suka ɗora bayansa. Na damƙe rigarsa da hannu biyu.

"Gida," na ce. "Giya ɗaya, taya biyu."