Mai Fenrai

Duk wanda ya shigo Daura yana neman gidan Alhaji Zakiyyu, sai an yi ta yi masa tambayoyi kafin a gane wanda yake nufi. Amma in ya ce gidan Mai Fenrai, ɗan acaba na farko da ya tare zai kai shi har ƙofar zaure. Gidan namu ne na gado, ni nake zaune a ciki tun rasuwar maigidana. Sunana Kubura, shi kuma yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mu bakwai aka haifa, mu biyu muka rage.

Tun yana yaro Yaya ba shi da zama. Babanmu dillalin shanu ne, ya so ya gaje shi, amma Yaya ya ce warin kara na sa masa ciwon kai. Ya gudu Kano, ya zama yaron shago a Kantin Kwari. Da maigidansa ya ga yana da kai, sai ya tura shi Bankok, babban birnin Tailan, ya sayo masa yadi da takalma. Ya tafi da niyyar wata guda, ya share shekara talatin da 'yan kai. A can ya zama mai tarbar 'yan kasuwarmu. Shi zai ɗauko su daga filin jirgi, ya samar musu masauki, ya kai su kasuwa ya yi musu tafinta, ya kuma turo musu kaya. A can ya auri Zubaida, wata Musulma 'yar kudancin ƙasar da ta zo birni ita kaɗai tana sayar da shinkafa da kaza a bakin masallaci. Suka haifi 'ya ɗaya, Amatullahi, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce. Gida kuwa sai ya ga dama yake leƙowa, ya yi sati biyu yana duba agogo, ya koma.

Da kasuwa ta koma Chana, aikinsa ya ja baya. Sannan Zubaida ta rasu. Daga nan na sa shi a gaba da waya, ba dare ba rana. Na ce masa tsufa ya zo, ya dawo ya ƙarasa kwanansa cikin danginsa, idan ta Allah ta kasance a kai shi kusa da Baba da Inna. Ban ɓoye masa ba, na gaji da zama ni kaɗai a gidan da muka taso mu bakwai. Na yi faɗa, na yi kuka, na haɗa shi da Allah da Annabi. Ya dawo.

A satin farko ya samu sunan. Yana zaune a majalisar Dabo tela, abokinsa na ƙuruciya, sai Dabo ya tuntsurar masa da kofin shayi a kan farar shadda. Yaya ya kakkaɓe rigarsa yana murmushi, ya ce wani abu da kowa ya ji kamar “mai fen rai”. Dabo ya ce shi dai ya san mai goro, ya san mai nama, ya san mai kalanzir, amma bai taɓa ganin fenrai a kasuwa ba, a mudu ake auna shi ko a kwalba? Yaya ya yi ta bayani cewa ba sana'a ba ce, maganar mutanen can ce, ma'anarta ba komai. Ya ce harafin ma ba “fa” ba ne, bakinmu ne ba ya iya kama shi. Babu wanda ya saurare shi. Kafin la'asar suna ya bi gari.

Kuma ya ci sunan, don ba abin da ba ya amsawa da shi. An ɗauke wuta ana tsakiyar zafi, mai fenrai. Miya ta yi gishiri, mai fenrai. Wanda ya yi masa alkawarin zuwa da hantsi ya zo bayan magariba, mai fenrai. Ni kuwa raina ya yi fari, na ce ashe mutanen can sun koya masa haƙuri.

Abin da ba su koya masa ba shi ne zama. Ya shiga ɗaki ya fito, ya zauna a zaure ya tashi, ya je majalisa kafin a gama gaisawa ya ce zai zagaya. Wayarsa kullum tana kunne, wasu mata na karanta labarai da yaren can, da wata murya kamar ana jan roba. Agogon hannunsa ma bai taɓa gyara shi ba, yana nan a lokacin Bankok. In ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya tsaya lissafi.

Labarin Tailan kuwa mun sha shi har ya ginshe mu. Kana cewa gari ya yi zafi, zai ce ai ba ka ga zafin can ba, mai haɗe da gumi. A cewarsa a can mutum ba ya ɗaga murya, ko mota aka buga maka murmushi za ka fara yi, wanda ya yi tsawa shi ne ya ji kunya. Mata ba su damu da girki ba, kowa ya sayo abincinsa a bakin titi a leda, har miya. Da na ce wannan ai lalaci ne, sai ya ce ni ma da na ɗanɗana da na jingine tukunya. Siyasarsu ce ta fi ba shi dariya. Ya ce yau a zaɓi shugaban gwamnati, gobe kotu ta sauke shi, jibi a kawo wani, mai sayar da taliya kuma ko ɗaga kai ba za ta yi ba. Ya ce sun halatta wiwi da rana tsaka, shaguna suka cika gari, sannan suka dawo suna cizon yatsa. Abin da ya fi damunsa shi ne sun daina haihuwa, tsofaffi sun yi yawa, makarantun ƙauye na rufewa. Nan Dabo yakan ce to a aiko su Daura a ba su aron yara.

Ba yabo kaɗai yake yi ba, in faɗi gaskiya. Ya ce murmushin nan nasu ba kullum yake nufin ana son ka ba. Ya ce duk shekarun da ya yi, duk bayan wata uku sai ya sanar da ofishin shige da fice inda yake kwana, kamar baƙon jiya. Ɗan sanda na iya tare shi a titi ya nemi fasfo don kawai shi baƙar fata ne. A can ɗan Afirka suke ce masa, nan kuma ya zo an ce masa ɗan Tailan. Yakan faɗi wannan yana dariya, ya rufe da kalmar tasa.

Na ga yana ramewa, sai na yi dabara. Mu nan abin da muka sani da Tailan ai shinkafa ce. Na sa aka samo mini buhu ta kan iyakar Mai'adua, kada a tambaye ni ta yaya. Da aka sauke shi a tsakar gida, Yaya ya durƙusa yana bin rubutun jikin buhun da yatsa, yana karantawa a fili, ya daɗe a haka. Na dafa, na zuba masa da miyar kaza. Ya ci loma biyu ya ce wannan ai turararriya ce, mu ake yi wa ita, su can ba sa cin ta, tasu tun tana kan wuta ƙamshinta ke cika layi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce to ya bar ta, kaji za su ci. Ya ce mai fenrai, ya cinye tas.

Wurin da kawai yake iya zama ya daɗe shi ne shagon Sylvanus, wani Inyamuri mai sayar da kayan gyaran babur, wanda ya fi shekara ashirin a Daura. Wata rana abinci ya huce ban ga Yaya ba, na yafa mayafi na bi sawu. Na tarar ya tafi masallaci, sai Sylvanus. Na ce masa ban san me yake ba yayana da ba na ba shi ba.

“Hajiya, ba na ba shi komai,” in ji shi, da Hausarsa tar. “Ni ma in na je garinmu Kirsimeti, kafin sati ya zagayo na fara tambayar motar arewa. Uwata tana fushi, amma ƙafata ba ta zama. Shi ya sa ba na tambayar Alhaji me ke damunsa.”

Na ce masa ba wanda ya tambaye shi tarihinsa, na juyo. Amma maganar ta bi ni har gida, ta hana ni sakat.

Bayan an gama girbin gero a nan, can ruwa bai tsaya ba. Amatullahi ta turo wa babanta hoton bidiyo. Unguwarsu tana gefen birni, a bakin wani rafi, kuma rafin ya cika ya shiga gidaje. Ya shiga maƙabartar bayan masallaci, ba abin da ake gani sai kawunan katakan da suke kafawa a kan kaburbura. Yaya ya kalla, ya sake kalla. Ranar bai je majalisa ba, bai je wurin Sylvanus ba. Ya yi ta zagaya tsakar gida daga rijiya zuwa bakin zaure, waya a hannu, har kaina ya fara juyawa. Kwana biyu abinci na komawa yadda na kai shi.

A rana ta uku da hantsi na tare shi a gindin dalbejiya, na ce ya zauna. Ya zauna a bakin turmi. Na tambaye shi me ke damunsa, ya ba ni amsar da na san zai ba ni.

“A'a, Yaya,” na ce. “Faɗa mini da Hausa.”

Ya so ya ce ba komai. Kalma biyu ce, kullum muna faɗin ta, amma ta ƙi fita. Sai a lokacin na tuna sau nawa ni kaina na ce ba komai alhali zuciyata na tafasa, ranar da aka raba gadon maigidana, ranar da 'ya'yana suka kwashe suka koma Abuja. Ashe mutanen can ma haka suke yi da tasu. Shekara guda yana faɗa mini ciwonsa ina cewa haƙuri ne.

“Da komai, Kubura,” in ji shi.

Ya ce tun da aka binne Zubaida bai taɓa fashin Juma'a ba, in an sauko daga masallaci sai ya zagaya ya cire ciyawar kabarinta, ya yi mata addu'a, ya ba ta labarin gari. Ya ce ya san addu'a tana isa daga ko'ina, ba sai malami ya gaya masa ba, amma ƙafarsa ba ta sani ba. Duk Juma'a a nan in ya fito masallaci sai ya rasa inda zai nufa. Limamin unguwarsu ta can kuma ya yi masa alkawarin wuri a gefenta.

“Kin ce in zo in kwanta kusa da Baba da Inna. Su suna da 'ya'ya biyar a gefensu. Ita danginta suna can kudu, ba ta da kowa a maƙabartar can. Yanzu ga ruwa a kanta, ni ina nan ina shan shayi.”

Ban tausaya masa nan take ba, haushi ne ya fara zuwa. Na ce to ni fa? Matacciya ta fi ni buƙatarsa? Wa zai tsaya a kaina ranar da aka ɗauke ni, Dabo tela? Na faɗi maganganu da yawa, wasu ba su da daɗi. Bai yi murmushin nan nasa ba, wannan ne ya kashe mini jiki. Na shiga ɗaki na yi kukana. Da na fito na tarar da shi inda na bar shi, karo na farko da na ga ya zauna wuri ɗaya haka tun dawowarsa. Na ce ya kira Amatullahi ta nema masa takardun komawa.

Takardu suka ɗauki watanni, ruwa ya janye, Amatullahi ta ce katakon kabarin ya karkace amma yana nan. A watannin nan Yaya ya ci abinci, ya yi ƙiba, har ya gyara mini ƙofar bayi da ta shekara tana lilo. Ina kallonsa ina jin daɗi, ina kuma jin haushin dalilin.

Ranar tafiya na raka shi tasha, abin da ban taɓa yi ba. Dabo ya zo, ya ce in ya isa ya aiko masa da fenrai mudu biyu. Sylvanus ya rufe shago ya zo ya ɗaukar masa jaka. Da motar Kano ta cika, Yaya ya leƙo ta taga, ya kira sunana. Mu duka mun san shekarunmu, mun san nisan wurin, ba wanda ya yi maganar sai ka dawo.

“Kubura, ki yafe mini. Na bar ki ke kaɗai.”

Na gyara mayafina, na yi masa murmushi irin na mutanensa.

“Mai fenrai, Yaya.”

Ya daɗe yana kallona. Shi kaɗai a tashar nan ya san abin da nake nufi.