Jarkar da Na Ɗauko a Maƙabarta

Jama'a, sallama gare ku. Ni tsohuwa ce, ban taɓa zama a aji ba, bakina ke faɗi wani hannu ke rubutawa, don haka in kun ga magana ta karkace, haka ta fito. Amma abin da zan gaya muku ba tatsuniya ba ce. Na rantse da wanda raina ke hannunsa a kaina ya faru, kuma da rana tsaka, shekara goma sha uku ke nan in an yi girbin bana, a wani ƙauye da ke bayan Dugabau a ƙasar Kabo, inda nake zaune har yau.

Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tun ina da ƙarfin ɗaukar kaya zuwa kasuwa. Saboda haka jarka ba baƙuwata ba ce. In na ƙwanƙwasa ta da yatsa na san mai kauri, na san wadda rana ta cinye, in na sunsuna bakinta na san abin da ta taɓa ɗauka.

To a daminar nan autata Binta ta dawo gida goyon ciki, haihuwar fari. Naƙuda ta kama ta tun la'asar, aka kwana, gari ya waye, hantsi ya dubi ludayi, shiru. Ungozomarmu Goggo Talatu, wadda rabin garin nan a hannunta suka faɗo, ta ja ni bayan ɗaki ta ce, "Yaya, wannan ya fi ƙarfin hannuna. Ɗan a gicciye yake. In kina son 'yarki, asibitin Gwarzo, yanzu ba anjima ba."

Mota ɗaya ce a garin, wata tsohuwar a-kori-kura ta ɗan farina. Ba na faɗin sunansa, kun san al'ada, zan kira shi Direba yadda mutanen gari ke kiransa. Ita kuwa motar kwana uku ke nan tana fake a ƙofar gida, dutse ya yaga mata tanki a hanya, yagewar da ta wuce a liƙe da sabulu. Abin da ya tsira na fetur ya tare shi a bokitin ƙarfe da kwalabe ya rufe. Babur kuwa Binta ko zama ba ta iyawa.

Direba ya ce, "Inna, injin lafiyarsa ƙalau. In na samu jarka ta kirki sai in ja tiyo daga cikinta zuwa inji, ki riƙe ta a gaba mu tafi. Amma fa ba kowace ba. Wadda ba ta taɓa shan mai ba, ba ta taɓa shan maganin feshi ba, ba ta da tsaga, kuma murfinta na kamawa."

Na ce, "Ga nawa nan reras a ɗaki."

Ya ce, "Naki na man gyaɗa? Ko da toka kika wanke sai maiƙo ya toshe min kafireta a tsakiyar daji."

Na shiga gida gida kamar mai neman wuta. Maza duk suna gona, sun tafi da jarkokinsu wajen feshin ciyawa. Ta mai injin niƙa ta ƙarfe ce, ta yi tsatsa, ga warin gas. Ta maƙwabciyata an liƙe gindinta da narkakkiyar roba, ruwa ma da ƙyar take riƙewa, balle fetur. Ina dawowa ina jin nishin Binta daga zaure, nishin ya fara yin ƙasa-ƙasa, kuma duk wadda ta taɓa haihuwa ta san ihu ya fi wannan daɗin ji.

A nan na tuna. A bakin maƙabartar garinmu akwai wani marke, a gindinsa maza ke ajiye diga da shebur, da wata jarka ruwan ɗorawa da wani bawan Allah ya bayar sadaka. Ba ta taɓa ɗaukar komai ba sai ruwan da ake kwaɓa ƙasa da shi a liƙe kabari. Mace ba ta shiga wurin nan a garinmu, uwata ba ta shiga ba, uwarta ba ta shiga ba. Ni na shiga. Ba zan ce muku ban sani ba, da sanina na taka. Na yi wa mamata sallama, na ƙwanƙwasa jarkar na ji ta amsa da kauri, na sunsuna na ji ba komai sai ƙanshin ƙasa, na tuttular da sauran ruwan a gindin marken na ce, "Ku yi haƙuri, mai rai ke bukata." Na saɓo ta na fito ban waiwaya ba.

Direba na ganin farin ƙyallen da aka ɗaura a mariƙinta ya ja da baya. "Inna, wannan ai ta..."

Na ce, "Na san ta ina ce. Ina za a huda?"

Muka kakkaɓe ta, ya ɗauraye da ɗan fetur ya zubar. Na sa ƙusa a murhu ta yi ja, na kama da tsumma, ya nuna min na huda murfin, huda babba ta tiyo, da wata 'yar ƙarama a gefe. Ya zura tiyon har ya kusa taɓa gindi, ya dandanna sabulu a kewayensa. Da muka juye fetur sai hannuna ya tafi ga abin da ya saba, na ɗauko leda zan shimfiɗa a baki in murɗa murfi a kai, yadda nake yi wa man gyaɗa don kada ya yi tsartuwa. Ya riƙe hannuna.

"Haba Inna, za ki shaƙe ta. Fetur ba man gyaɗa ba ne, sai da numfashi. Ƙaramar hudar nan hancinta ne. In kika toshe, jarkar ta tsotse kanta, mota ta mutu."

Aka shimfiɗa katifa a baya, aka kwantar da Binta, Goggo Talatu ta zauna a kanta ta kare mata rana da zani. Ni na shiga gaba, jarka tsakanin gwiwoyina, hannuna ɗaya a kan tiyo. Direba ya ce, "Duk abin da zai faru, kada tiyon nan ya fita." Ya yi bisimilla, ya tsotso mai da baki ya tofar, ya haɗa, mota ta tashi.

Mun yi nisa da gari sosai, rana ta take tsaka, ko inuwar mutum ta shige ƙarƙashinsa, sai muka iso wani kwazazzabo da ruwa ya ci, inda dole mota ta yi tafiyar hawainiya. Wurin nan yashi ne fari fat, kuma an yi kwana huɗu ba a yi ruwa ba. Sai ga wani dattijo tsaye a bakin hanya, gajere, ba hula, hannayensa har gwiwar hannu da ƙafafunsa har gwiwa duk jar laka ce ɗanya tana ɗiga. Ban san shi ba, ni da na san kowa a yankin nan har kakanninsa. Bai yi sallama ba. Ya matso ya ɗora hannu a tagar da nake, sai warin fetur da ya cika motar ya ɓace ɗif, ƙanshin sabon rami ya maye gurbinsa.

Ya ce, "Baiwar Allah, kin ɗauko mana kayan aiki."

Na ce, "Zan mayar."

Ya ce, "Yau muke bukata. Mun gama haƙa, ruwan kwaɓi kawai ya rage. Biyu ne, babba da ƙarami." Yana faɗi yana kallon bayan motar.

Inna lillahi. Na ji injin ya fara tari. Direba ya ƙanƙame sitiyari, leɓɓansa na motsi amma addu'ar ta ƙi fita. Ta tagar baya, wadda dama ba gilashi, Goggo Talatu ta zuro kai ta ce, "Yaya, ba shi! Don girman Allah ba shi kayansa!"

In ba shi, mota ta mutu a nan, Binta ta mutu a kan katifa. Wannan lissafin ko marar karatu ya iya shi. Wallahi tsoro ya kama ni har cikin ƙashi, amma sai wani abu ya taso min daga ciki wanda ya fi tsoron zafi. Na dube shi ido cikin ido na ce, "Malam, ko kai wane ne, buɗe kunnenka. In Allah ne ya aiko ka, ba ka da bukatar jarkata, don hukuncinsa ba ya jiran ruwan kowa. In kuwa kai ka aiki kanka, koma ka rufe raminka da busasshiyar ƙasa. Haƙa naka ne, rai ba naka ba ne."

Bai yi fushi ba, bai yi dariya ba, da ma ya yi ɗaya da na fi samun sauƙi. Hannunsa na nan a kan taga bai motsa ba, amma jarkar ta fara ja zuwa ƙofa, ja na gaske, kamar an ɗaura mata igiya. Ta yi sanyi kamar randa a bayan ɗaki. Na matse ta da gwiwoyi, na danne tiyo, na juya na daka wa ɗana tsawa da sunansa na yanka, sunan da tun ranar da aka raɗa masa bai taɓa ji daga bakina ba. Wannan ne ya farkar da shi. Ya taka, mota ta yi gurnani ta haye kwazazzabon.

Na ce shi ke nan. Ashe da saura. Dab da za mu hau kwaltar Gwarzo, bayan tafiyar da ko mai doki ba zai riga mu ba, sai ga dattijon nan a gabanmu tsaye a gefen hanya, lakar nan tana nan ɗanya. Injin ya sake shaƙewa, mota ta fara fizga. Direba ya yi ihu, "Mai ba ya zuwa! Inna ɗaga ta, ɗaga ta sama!" Jarkar da man cikinta bai kai rabi ba, na je ɗagawa na ji kamar buhun gero. Na ce ya Allah, na ciccibe ta na ɗora a cinya, na rungume ta a ƙirji kamar jariri, fetur na tsartuwa ta ƙaramar hudar yana jiƙa min zani yana cin fatata. Da muka zo daidai da shi ban rufe ido ba. Na ce masa, "Ba yau ba." Tayar gaba na taɓa kwalta nauyin ya sauka lokaci guda, har na kusa buga jarkar a rufin mota.

A asibiti aka karɓi Binta aka shiga da ita, aka yi mata aiki. Kafin magariba aka fito min da 'ya mace tana tsala kuka, uwar kuma tana numfashi. Na zauna a ƙasa ina warin fetur.

Kwananmu tara muka dawo. Na sayo sabuwar jarka a kasuwar Gwarzo, mai kauri, na kai wa liman na ce a mayar gindin marke, na kuma gaya masa abin da na yi da bakina kafin ya ji a bakin wani. Ya ɗauki carbinsa. Sannan ya ce, ranar da muka tafi, masu dawowa daga gona da la'asar sun tarar da kaburbura biyu a haƙe gefe da gefe, babba da ƙarami, an gyara su tsaf. Ba wanda ya rasu a garin, ba wanda ya rasu a ƙauyukan kewaye, ba wanda ya ce shi ya haƙa. Diga da shebur suna inda suke, busassu, ko ɗigon laka babu. Shi ya sa aka mayar da ƙasa aka rufe.

Ya ce, "Amma kin san kin taka inda ba a takawa."

Na ce, "Na sani, Malam, kuma na nemi gafarar Ubangiji. Amma kada in yi maka ƙarya a gaban carbinka, in gobe ta sake kamawa, zan sake shiga."

Har yau ban san wane ne dattijon nan ba, malamai ma kowa da abin da yake faɗa, ni kuwa na bar wa Allah saninsa. Ku masu motoci, ku tanadi jarkarku tun kuna lafiya, ku huda ta ku ajiye, kada ranar tsanani ta tura uwar wani inda ta tura ni. In za ku sayi ta hannu, ku tambayi inda ta zauna. In kuma kuna ɗauke da rai a mota wani ya tare ku a hanya yana neman abin da ke hannunku, ku ambaci Allah ku taka.

Kaburburan nan biyu, maza sun ce duk damina sai sun lotsa, a cike su, wata daminar su sake lotsawa. Na riga na bar wa liman wasiyya, in tawa ta zo a buɗe babban a sa ni, ko mai haƙan zai zo mu ƙarasa maganarmu. Ƙaramin kuwa ya yi ta jira.