Abin da Duron Ya Gani a Tsakar Gida

Shekara tara na yi a Suame Magazine, unguwar makanikai, ina kwance injin mota kafin na koma ɗaukar bidiyon biki. Da na sayi duron, wato ƙaramin jirgin nan mai farfela huɗu da ke ɗaukar hoto daga sama, sai kaina ya kumbura. A lungunmu na Zango ni kaɗai ke da shi, kuma duk amaryar da ba a ɗauki bikinta daga sama ba gani take an rage mata wani abu.

Bikin da zan ba da labarinsa na ɗiyar wani Alhaji ne maƙwabcinmu, mai shagon atamfa, abokin marigayi mahaifina. An toshe titi da rumfuna, an jera kujerun roba, masu kiɗa suna gwada lasifika. Bayan azahar na tsaya bakin kwata na tashi jirgin. Yadda aka saba, maza suka taru a bayana suna leƙen allon da ke hannuna, kowa yana neman rufin gidansu.

Ina so in ɗauki rumfunan daga can sama, sannan in sauko a hankali kan ƙofar gidan. Na yi irin wannan ɗaukar ya fi a ƙirga. Abin da ban tuna ba shi ne gidajenmu na Zango ɗakuna ne kewaye da tsakar gida a buɗe, kuma a wannan lokacin ne aluwanka, tsohuwar da ke yi wa amare wanka, take aikinta. An kulle ƙofa, an sa mata biyu gadi, ko jinjiri namiji ba ya shiga. Ba wanda ya taɓa tunanin gadin sama.

Iska ta ɗan tura jirgin, na gyara, sai tsakar gidan ta cika allon. Amarya tana zaune kan turmi, kai ba ɗankwali, jiƙaƙƙen zani ya zame mata, tsohuwar tana kwara mata ruwa da ƙwarya. Kyamarar nan ta tsada ce, ba ta ɓoye komai. Yatsana ya ƙi motsi. Sai tsohuwar ta ji ƙugin farfela ta ɗaga kai, ta dube ni ido cikin ido ta cikin allon, ta jawo mayafinta ta rufe yarinyar.

Surutun da ke bayana ya mutu. Da na juya, mutane sun fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana duban ƙasa. Mutum ɗaya ne bai gusa ba, wani tsohon abokin aikina na Magazine mai sayar da kayan gyaran mota. Wayarsa tana ɗage saitin kafaɗata, yana sauke ta a hankali.

«Ka ɗauka?» na tambaye shi.

«Masta, me zan ɗauka? Lokaci nake duba.» Ya yi murmushi ya sa ta aljihu.

Bayan la'asar Alhaji ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure shi kaɗai, an kashe fanka, carbi a ajiye gefensa. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Na durƙusa na zare katin memori na miƙa masa. Ya juya shi a tafin hannu, ɗan abu kamar farce, ya sa filaya ya raba shi biyu.

«Wannan ya ƙare,» ya ce. «Yanzu gaya mini gaskiya, ɗana. Bayan wannan akwai wani wuri da hoton ya shiga?»

Na san abin da zai biyo baya idan na ambaci wayar. Yayyen amarya uku suna waje, dangin ango sun iso daga Moshi Zango, kuma magana irin wannan ba ta kwana ba ta zaga unguwa ba. Za a ce an ga amarya tsirara a waya, ko da babu hoton. Kuma, in faɗi gaskiya, tsoro nake ji, don ni na ɗaga jirgin.

«Babu, Baba. Wannan kaɗai ne.»

«Ka tabbata?»

«Na tabbata.»

Sai ya ce in tashi in ƙarasa aikina, kada mutane su yi tambaya. Na ƙarasa da kyamarar hannu. Aka kai amarya lafiya.

Tun daga ranar ban sake samun natsuwa da waya ba. Duk saƙon bidiyo da ya shigo zauren hirar unguwa na waya sai na yi addu'a kafin in buɗe. Idan na ga samari sun haɗa kai kan allo ɗaya suna dariya, sai in rage tafiya in saurara. Sau biyu na je shagon mai wayar nan na roƙe shi ya ba ni wayar in duba. Na farko ya ce na raina shi. Na biyu ya ce, «Kai dai kana da damuwa paa,» ya saya mini lemo. Har yau ban san ko ya ɗauka ba, kuma na lura yana jin daɗin rashin sanina.

Yarinyar yanzu tana da 'ya'ya biyu. Idan ta zo gida ta gan ni, har ƙasa take gaishe ni tana kirana Yaya, don mahaifinta ya gaya mata abin ya mutu a zaure. Alhaji ma kullum a sahu ɗaya muke sallah, yana miƙo mini hannu bayan sallama.

Watan jiya na haɗu da mai wayar nan a tashar Oforikrom, inda ake hawa trotro, wato motar haya, da sabuwar waya a hannunsa. Na tambaye shi ina tsohuwar wayar.

«Ai an zare ta a trotro,» ya ce. «Ko kulle ban sa mata ba.»